Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Nuggar, Jirgin Nilu Marar Haƙarƙari

Lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya sauka da jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu a 1906, shekara uku bayan yaƙin Burmi, ba a gina madatsar Sinnar ba, gonakin audugar Jazira kuwa sai a 1925 aka buɗe su. Dawa da riɗi da itacen wuta, in ba a bayan raƙumi suka tafi ba, to a cikin wani jirgin katako mai faɗin ciki ake loda su. Sunansa nuggar, ko da yake a bakin kogi an fi ce masa markab kawai. Da rani iskar arewa ce ke tura shi ya haura kogi, in ya juyo kuma ruwa ya gangara da shi Khartum. Jirgin ƙasa da manyan motoci da jiragen ƙarfe masu inji sun ci kasuwarsa, har yaron da ya tashi yau a Mai Wurno ko a unguwannin Hausawa na Wad Madani yana iya girma bai taɓa ganin babbansa da ƙyalle a buɗe ba.

Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda za ka ƙera ƙaraminsa da hannunka, daga guntayen katako, ba tare da kayan haɗi na kanti ba. Ina nufin jirgin da kowane sashensa ya ragu da awo ɗaya, wanda in tsohon rayyis, wato matuƙin jirgi, ya ɗauka ya jujjuya shi zai gane abin da ya tuƙa da ƙuruciya.

Kafin ka taɓa wuƙa, ka riƙe wannan: nuggar ba shi da haƙarƙari. Jiragen Turawa, da sambuk ɗin da ya riƙa tsallakar da alhazanmu daga Sawakin zuwa Jidda, duk suna da lanƙwasassun katakai a ciki waɗanda ke riƙe da falankai. Shi kuwa nuggar falankansa ne ke riƙe da juna. Gajeru ne masu kauri, ana ɗora kowane a kan gefen na ƙasansa, a haɗa su da dogayen ƙusoshin maƙera da ake bugawa a karkace, sannan a ɗaure bakin jirgin da katakon gicciye daga wannan gefe zuwa wancan. Itacen ne ya jawo haka. Bagaruwa, wadda Larabawan Sudan ke kira sunut, tana cike da fadamun Shuɗin Nilu tsakanin Sinnar da Rusairis, tana da tauri, ruwa ba ya saurin cin ta, shi ya sa ma aka daɗe ana shimfiɗa layin dogo a kanta. Amma ba ta miƙewa. Dogon falanki ba ya fita daga jikinta, sai guntaye, masassaƙa kuwa suka yi ƙira daidai da abin da daji ya ba su.

Dabarar ta tsufa ƙwarai. Hirodotus Bagirke, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya siffanta jiragen dakon Masar da ake yi da guntayen irin wannan itace, masu tsawon kamu biyu, ana jera su kamar bulo a jikin gini, babu haƙarƙari. A 2003 masu tonon tarihi a ƙarƙashin teku suka gano irin jirgin a rusasshen birnin Tonis-Hirakliyon, kusa da Iskandariyya. Bambancinsa da namu shi ne da turakun katako aka haɗa falankansa, nuggar kuwa da ƙarfe. Georg Schweinfurth Bajamushe, wanda ya tashi daga Khartum ya haura Farin Nilu a 1869, ya rubuta yadda ake ƙera nuggar, James Hornell na Ingila kuma ya yi masa cikakken nazari a 1939 da 1940. Na kawo wannan ne don yawancin bidiyon koyon ƙira da za ka gani a intanet da haƙarƙari suke farawa, su lulluɓe shi da dogayen siraran katakai. In ka bi su za ka sami abu mai kyan gani, sai dai ba nuggar ba ne.

Awo

Masu ƙera nuggar ba su aiki da zane, da ido suke yi. Saboda haka zanen naka a bakin kogi za ka samo shi. Nemi tsohon markab da aka jawo tudu, ko da ƙarami ne na masunta ko na fito, muddin ƙirar falanki kan falanki ce. Unguwar Abu Rof ta Umdurman ita ta fi shahara da wannan sana'a, amma ba sai ka je can ba. Mashigan kogi na kusa da kai sun isa.

Kada ka faɗa wa jirgin mutum da tef ba sallama. Ka sami mai shi, ko dattijon da ke zama a wurin, ka gaishe shi, ka riƙa masa ɗan sukari da gahawa. «Baba, ƙaramin irin wannan nake so in ƙera, a ba ni izini in auna?» Wannan tambaya kan buɗe bakin da zai gaya maka abin da tef ba zai nuna ba: wane falanki aka fara ɗorawa, ina ruwa ya fi shiga, me ya sa aka kafa sanda a nan ba can ba. Kuma tun da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ratsa Madani da Sinja, ɗaga wayar salula don ɗaukar hoto a kusa da gada ko madatsa abu ne da ke jawo tambaya. Ka yi nesa da su, ka kuma sanar da mutanen wurin abin da ya kawo ka.

Ɗaura igiya ta miƙe tsaf daga goshin jirgi zuwa bayansa, ka yi mata alama a kowace mita. A kowace alama ka auna faɗin baki, ka auna zurfi daga igiyar zuwa ƙasan ciki. Lanƙwasar jiki kuwa da wayar ƙarfe mai kauri ake ɗaukarta: ka kwantar da ita a jikin jirgin ta ciki, daga tsakiyar ƙasa zuwa leɓe, ka danna har ta ɗauki siffar, ka ɗaga ta a hankali ka ɗora a kan takardar buhun siminti, ka bi ta da fensir. Rashin haƙarƙari ya sauƙaƙa maka wannan aiki, don babu abin da zai tare wayar. Gefe ɗaya ya isa. Ƙirga layukan falankai, auna kaurinsu da tsawon biyar ko shida daga cikinsu, auna tazarar ƙusoshi. In ka ɗauki hoto, jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin jirgin.

Awon da na fi so shi ne 1 bisa 20, don lissafinsa ba ya wahalar da kai: kowace mita ta zama santimita 5. A ce jirgin ya kai mita 12, naka zai zama santimita 60. Falanki mai kaurin santimita 8 ya koma milimita 4, mai tsawon mita 2 ya koma santimita 10. In ka ƙanƙanta fiye da haka ƙusoshi za su gagare ka, alhali su ne adon wannan jirgi. Don rage lanƙwasar da ka zana, ja layuka a kan takardar buhun su zama gidaje masu santimita 20, ka ja na santimita 1 a ƙaramar takarda, ka kwafe gida bayan gida. Ninka takardar biyu kafin ka yanke, hagu da dama su fito iri ɗaya.

Katako da kayan aiki

Za ka so ka yi da bagaruwa don a ce na asali ne. Ban ba ka shawara ba. A kaurin milimita 4 tana tsagewa, tana cin kaifin wuƙa, ga shi dazukanta na bakin kogi na gwamnati ne, ba a sara ba izini. Guntayen dogon yaro ko na maɗaci daga shagon kafinta sun fi, don launinsu ja-ja ne kusa da nata, kuma suna karɓar sassaƙa. Su kasance busassu sarai. Ka roƙi kafintan ya tsaga maka su kauri biyu, milimita 4 da milimita 8, faɗin santimita 1 zuwa 1.5. Sauran kayan: wuƙa mai kaifi da dutsen wasa ta, reza, ƙaramin zarto, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, filaya, farin gam na kafintoci, fil ɗin tela kwali biyu ko uku, zaren auduga, kakin zuma. Abin huda kai za ka yi shi: karya kan allura, goga wurin a dutse ya zama faffaɗa mai kaifi, soka ɗaya ɓangaren a guntun kara, ka riƙa murza shi da yatsu.

Jiki

Usta, wato gwanin masassaƙin jirgi, yana ɗora falankansa jirgi na tsaye, ba abin da ke riƙe da siffa sai idonsa. Kai kuwa kana bukatar mataimaki na wucin gadi. Yanke kowace siffa da ka rage a jikin kwali mai tauri ko siririn filawud, amma ka tuna awon ciki ka ɗauka, don haka falankai a bayansu za su kwanta. Kafa waɗannan alluna a kife a kan miƙaƙƙen katako, santimita 5 tsakanin kowane biyu, tsakiyarsu a kan layi ɗaya. Goga kyandir a gefunansu don kada gam ya kama su, tun da fitar da su za ka yi daga baya.

Fara da gungumen ƙasa, ƙashin bayan jirgi, ka haɗa masa katakon goshi mai lanƙwasa da allon baya. Daga nan sai falankai, kuma a nan rabin aikin yake. Masu ƙirar asali ba su lanƙwasa falanki da tururi, da gizago suke fitar da lanƙwasar daga itace mai kauri. Kai ma haka: inda jiki ya miƙe yi amfani da na milimita 4, inda ya juya, wato a kwiɓi da wajen goshi, ɗauki na milimita 8 ka rarake cikinsa, ka fere bayansa, har ya kwanta ba tare da ka danna shi ba. Falankin da sai an matsa masa kafin ya zauna zai tashi wata rana, ko ya murɗe maka jirgin. Kowane guntu ka fara gwada shi da takarda, ka yanke katakon ya ɗan fi ta, ka riƙa gogewa kana gwadawa. Gefen da zai haɗu da na ƙasa a ɗan karkace ake goge shi, in ba haka ba bakin haɗin zai buɗe ta waje.

Kada tsawon guntayen ya zo ɗaya. Wani santimita 6, wani 9, wani 12, wani ma da ɗan kumburi a gefe wanda na samansa zai bi. Abin da ba a yarda da shi ba kawai shi ne mahaɗar wannan layi ta faɗo daidai kan mahaɗar na ƙasansa. In ka ɗora guntu a dama, ɗora takwaransa a hagu kafin ka ci gaba, don gam yana ja idan yana bushewa, gefen da ya riga ɗan'uwansa kuwa zai karkatar da ƙashin baya. Layi ɗaya ko biyu a zama guda ya isa. Idan ka kai leɓe, bar shi ya kwana biyu, sannan ka ɓalle allunan, ka goge ciki da waje. Kada ka goge har ya yi santsin madubi. Sawun gizago a jikin nuggar ba aibi ba ne.

Gam ne ke riƙe da naka jirgin, amma ƙusoshi dole su fito, don su ido ke fara gani a jikin na gaske. Dubi yadda suke a can: a bayan falanki, kusa da gefensa na ƙasa, an fafe ɗan gurbi mai kusurwa uku, kan ƙusa ya nutse a ciki, jikinta ya gangara ya shige falankin da ke ƙasa. Yi haka da bakin reza, yanka biyu su haɗu, ka ɗauke ɗan ɓaron. In tazarar da ka auna ta kai taƙi guda, wato wajen santimita 20, a naka santimita 1 ke nan. Ka lura jirginka a kife yake, kada ka juya gurbin: ƙusa kullum wajen ƙashin baya take nufa. Huda da allurarka tukuna, in ba haka ba katakon zai tsage. Fil ɗin kuwa zuba su a murfin gwangwani, ɗora a kan garwashi har su yi ja, juye su cikin ɗan man riɗi. Za su fito baƙaƙe, ƙyallin ya mutu. Yanke kowane ya rage milimita 6 ko 7, kana kare idonka don guntun yana tsalle, rage girman kan da magagari, tsoma bakin a gam, tura. Ɗaruruwa ne. Aikin hira ne da dare, ba na rana ɗaya ba.

Tsakanin falankai tsumma ake cusawa a jirgin gaske, a daddanna da ƙarfe. A naka, rina zaren auduga da ruwan shayi mai kauri, ja shi cikin gam da aka tsinka da ruwa, ka tura shi cikin tsagar da gindin allura. Bayan haka sai katakon gicciye, gwargwadon yawan da ka ƙirga, wanda zai riƙe sandar tsakiya ya fi sauran kauri. Rufe goshi da baya da ɗan daɓen katako, bar tsakiya a buɗe don kaya. Daffa, wato allon juya jirgi, babba ce a nuggar, ita ma da guntaye ake haɗa ta, da dogon hannu; maratayanta ka lanƙwasa su da waya ka baƙanta su yadda ka yi wa fil. In kana so, kafa 'yar rakuba, wato rumfa, a baya da tsinke da zaren kaba.

Fenti da fanish ka bar su a kanti. Tafasa 'ya'yan bagaruwa irin waɗanda majema ke jima da su, shafa ruwan a jikin jirgin, ya bushe. Jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan kal kwana uku ko huɗu, tace, tsinka shi sosai, ka shafa a kai. Ƙarfen da sinadarin bagaruwar in sun haɗu launi yana komawa toka-toka zuwa baƙi, dabarar da dukawa suka daɗe da sani. Gwada a guntu tukuna, don yana ci gaba da duhu bayan awa ɗaya. Ƙasan jirgi ya fi duhu, leɓe ya fi haske.

Sanda, ƙyalle da igiyoyi

Jirgin da ka auna mai yiwuwa ba shi da sanda, don haka tsohon hoto za ka nema, wanda aka ɗauka daga gefe sosai. Mai da tsawon jirgin ma'auninka: in sari, wato sandar tsaye, ya kai rabin tsawon jirgi a hoto, haka zai kai a naka. A hotunan Nilun Sudan za ka ga shira'i, wato ƙyallen jirgi, iri biyu. Akwai mai kusurwa uku a jikin doguwar garya guda, wato sandar da ake rataye ƙyallen, irin wanda ya fi yawa a Masar. Akwai kuma dogo mai kusurwa huɗu, da sanda a sama da sanda a ƙasa, an rataye shi ba a tsakiya ba, ya tsaya a karkace kusurwa ɗaya ta nufi sama; idan za a naɗe shi, sandar ƙasan ake murzawa ya nannaɗe a jikinta. Wannan na biyun shi aka fi sanin nuggar da shi, shi zan zaɓa. Ko wane ka ɗauka, bi hoto ɗaya har ƙarshe, kada ka haɗa na wannan da na wancan.

Sanduna ka tsaga su daga gora ko katako, kada ka yanka da zarto, don tsagagge yana bin jijiyar itace, ba ya lanƙwashewa daga baya. Fere shi ya zama mai gefe huɗu, sannan takwas, sannan ka mulmula da samfefa, yana sirancewa zuwa ƙarshe. Garya kuwa yi ta da guntaye biyu ko uku, a haɗa kawunansu a naɗe da zare, don haka ake yin ta gaske a ƙasar da dogon itace miƙaƙƙe ke da wuya.

Damuriyya, wato saƙar auduga mai kauri, ake ɗinka shira'in gaske da ita, ƙyalle-ƙyalle a jere. Amma in ka sa damuriyya a ƙaramin jirgi, kowane zarenta zai zama igiya a ido. Nemi tsohon rawani ko tsohuwar jallabiya mai shara-shara wadda wanki ya cinye, tsoma a shayi marar kauri, goge da dutsen guga. Layukan ɗinki ja su da fensir mai tsini gaba da baya. Ƙyalle mai faɗin santimita 60 zai zama 3 a naka. Kalmasa baki da gam maimakon allura, manna zare mai kauri a kewaye, ƙara faci biyu ko uku masu ɗan bambancin launi. In kana so ya kumbura da iska, shafa masa gam mai ruwa-ruwa ka shanya shi gaban fanka. Kada ka sa sitaci ko koko, kyankyasai za su cinye shi.

Igiya aƙalla kauri uku kake bukata, don igiyar santimita 2 milimita 1 ce a naka, wadda ke ɗaure ƙyalle a sanda kuwa ba ta kai rabin haka ba. Tufka za ka yi: murɗa zare uku kowane shi kaɗai ta fuska ɗaya, haɗa su ka bar su su naɗe juna ta ɗaya fuskar, rina da shayi, ja cikin kakin zuma gashin ya kwanta. Fara da igiyoyin da ke riƙe da sari, bibbiyu, dama da hagu, na gaba da na baya, kowace da ɗaurin zarge wanda za ka iya sassautawa. Sai duka sun hau, ka hango sandar daga goshi ka ga ta tsaya daidai, sannan ka ɗiga gam a ƙulle-ƙullen. Daga nan igiyar jan garya sama, sai masu juya ƙyalle, kowace ta ƙare a inda hannun matuƙi zai kai gare ta, ragowarta a naɗe a ajiye. Igiyar da ba ka san aikinta ba kada ka sa ta. In da rani kake ɗauri, kada ka ja su ƙam, domin zaren auduga yana tsukewa da laimar damina, yana iya lanƙwasa maka sandar.

Yara za su matsa a sa shi a ruwa. Zai iya iyo in ka toshe shi da kyau, amma lissafi ba ya goyon bayansa: nauyi ya ragu sau 8,000, jirgi mai tan 10 ya koma kilo 1.25, faɗin ƙyalle kuwa sau 400 kawai ya ragu. 'Yar iska kaɗan za ta kifar da shi sai in ka jera ƙarfe a ƙasan ciki. Gwada shi a baho a tsakar gida. Magudanan Jazira, daga manya har ƙanana da ake kira Abu Ishrin, akwai tsargiya a cikinsu, bai kamata yaro ya shiga don abin wasa ba.

Ajiye shi nesa da rana da bangon ƙasa saboda gara, ka rufe shi da akwatin gilashi ko farar leda, don ƙurar habub in ta shiga tsakanin igiyoyi ba ta fita sai da gashin kaza. A ƙarƙashin katakon da ya zauna a kai rubuta awon da ka bi, da mashigin da ka auna na asalin, da shekara, ka kuma adana takardun awon, don wani zai bukace su. Busasshiyar bagaruwa itacen girki ce mai kyau, jirgin da aka yasar a tudu ba ya daɗewa. In ka san inda wani yake kwance, je ka auna shi kafin cikar kogi ta Agusta, ko da ba bana za ka fara ƙirar ba.